Shekarar da Yaya Ya Biya wa Kowa

Na san abin da ake gaya muku a Balan, garin Baffanku, idan kun je gaisuwar Sallah. Ana cewa ubanku ya tsaya a gaban mutanen duniya ya kunyata yayansa saboda kuɗin kirifto, kuɗin nan na intanet. Wasu har ƙarawa suke yi wai Turawa ne suka biya ni, ni da ko Bature ɗaya ban taɓa haɗa hannu da shi ba! Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin maganar gida ce. Amma ku 'ya'yana ne da jikokina, kuma na ga alamar kun fara ɗaukar ɓangare, wasu na ganin laifina, wasu na ganin laifin Baffanku Alhaji Sule. Shi ya sa na ce kafin kaina ya fara zubar da abubuwa, bari in faɗa muku yadda aka yi tiryan-tiryan. Wanda zai yi fushi ya bari sai ya kai ƙarshe.

Kun san sana'ata. Tun ina saurayi nake gyaran injin ban-ruwa a rumfata ta Gaya, kuma ciwona ɗaya ne a duniya: ba na iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Rediyon da aka kawo Innarku Hajara da shi cikin kayan ɗaki, mako bai cika ba na kwance shi don in ga ta inda maganar take fitowa. Har gobe ba ta yafe mini ba, ko da yake na mayar da shi yana aiki, sai dai tasha ɗaya tak yake kamawa. Wannan hali nawa Uwani ce ta gada a cikinku. Ita ce mai sunan mahaifiyata, kuma ita ce ta karanta kwamfuta a jami'a ta dawo tana koyarwa a wata sakandare a Ajingi. Sauranku idan na kwance inji gudu kuke yi kada a aike ku, ita kuwa sai ta tsuguna tana tambayata sunan kowane noti.

A shekarar da nake ba ku labari, Uwani ta riga ta haɗa abin da mutane suka sa wa suna layin Uwani. Ku yaran yanzu kun taso kun tarar da shi, ba ku san yadda kaka take zuwa mana da fargaba a da ba. An yanke gero, wake yana kwance ba a tsince ba, ga shanu suna saukowa neman kara. Makiyayi ya ga gona fayau ya ɗauka an gama, manomi ya zo da safe ya tarar an cinye masa wahalarsa, sai sanda ta yi magana. Ita kuwa lamba ɗaya ta buɗe. Manomi zai kira da ƙaramar wayarsa mai tocila ya ce, gonata da ke gabas da Toranke ba a cire wake ba tukuna. Makiyayi zai kira ya ce, gobe da hantsi za mu bi ta burtalin Kademi. Duk wanda ya kira daga wannan yanki sai ya ji abin da ya shafe shi, da Hausa ko da Fillanci, ba ya biyan ko kwabo. Ita take biyan hayar na'urar da ke riƙe saƙonnin daga albashinta, kuma albashin malamin makaranta kun san shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ta ɗauki duk yadda ta haɗa abin ta baza shi a intanet, kowa ya kwafa kyauta.

"Uwani, sirrin sana'ar kika bayar haka nan? Ni fa akwai abin da na sani a kabireto wanda ko yarana ban nuna wa ba."

"Shi ya sa idan ka tafi Kano rabin Gaya ba ta ban-ruwa, Baba."

Kun ji bakin yarinya! Amma wata rana da damina ta fara nisa, ta zo rumfata ta zauna a kan benci fuskarta ba walwala. Da na matsa mata sai ta ce kuɗinta ba za su kai layin ƙarshen kaka ba, idan ba a sami mafita ba za ta rufe shi daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Daga nan ta ce akwai wata ƙofa, amma tana tsoron abin da zan ce, domin ta mutanen kirifto ce. Ni kuwa abin da na sani game da kirifto a lokacin shi ne samarin da ke zama a gindin darbejiya suna dangwalar waya tun safe, wai haƙar kuɗi suke yi. Na ce mata idan caca ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta ce ba saye ba ne ba kuma sayarwa ba. A cikin masu wannan harka akwai wata jama'a da ke warwatse a ƙasashe, suna tara kuɗi don ayyukan da kowa ke amfana da su amma babu mai su, irin abin da idan ya lalace kowa zai yi kuka, idan kuma an ce a gyara kowa zai dubi ɗan'uwansa. Na ce kamar burtali ke nan. Ta ce to, kamar burtali.

"Ka ɗauka akwai wata babbar tukunya, Baba. Masu hali a cikinsu su suke zuba kuɗi a ciki, amma ba su suke rabawa ba."

"To wa ke rabawa?"

"Jama'a. Aikin da mutane da yawa suka sa wa hannu, ko da ɗan kaɗan-kaɗan ne, shi ke samun babban kaso daga tukunyar. Mutum ɗari su ba da naira ɗari-ɗari sun fi mutum ɗaya ya ba da dubu goma, nesa ba kusa ba."

"Ke, ai duk dubu goma ce."

"A aljihu ɗaya ce. A wurinsu ba ɗaya ba ce, domin hannuwa suke dubawa."

Tabɗijam! Wannan magana ta hana ni sakat. Kwana da kwanaki ina gyaran inji ina juya ta a raina, har na ɗaure wa wani mutumin Kademi famfo a baibai. Na riƙa tare ta da tambayoyi kamar ɗan aji ɗaya. Ina ofishinsu? Babu. Wane ne shugabansu? Babu shugaba, sai dai waɗanda aka zaɓa su riƙe aiki na ɗan lokaci, kuma duk babbar magana ƙuri'a ake jefawa. To ina injin yake? Ta yi dariya ta ce injin yana ko'ina, shi ne abin da ake kira bulokcen: duk kuɗin da ya tashi daga wannan asusu zuwa wancan, na'urori masu yawa a duniya suna shaidawa a lokaci guda, kowa yana iya dubawa, ba kuma mai iya gogewa. Na ce ashe kamar cinikin da aka yi a tsakiyar kasuwa da ɗaga murya ne. Abin ya burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Duk rayuwata na saba idan za a yi abin jama'a, wanda ya fi ba da kuɗi shi zai ce ga inda za a haƙa rijiya, kuma sau da yawa a ƙofar gidansa ake haƙa ta. Ga wasu mutane can sun zauna sun ƙera dabarar da za ta sa muryar mai ƙosai ta yi nauyi. Na ji ina so in ga cikin wannan dabara kamar yadda na so ganin cikin rediyon nan.

Aka karɓi aikin Uwani cikin waɗanda za a tara wa. Ranakun kasuwa sai ta kafa tebur a gefen rumfata, duk mai so ya zo ta buɗe masa asusu a wayarsa, ya ba da abin da ya sawwaƙa da hannunsa. Manoma suka zo, makiyaya suka zo, wani dattijo daga Toranke ya ce bara layin nan ne ya hana shi kwana a ofishin 'yan sanda. Innarku ma ta fito da kuɗin man gyaɗarta daga bakin zane, na ce ta kawo in haɗa da nawa, ta harare ni.

"Ba ka ji abin da yarinya ta ce ba? Hannuna daban, naka daban."

A nan ne Yaya ya shigo maganar. Ku da kuka san shi da furfura ba ku san waye Alhaji Sule ba. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ban fi ƙarfin a ɗora ni a jaki ba, shi kuwa bai daɗe da aure ba. Daga ranar ya zama uba. Shi ya kai ni koyon gyara, shi ya biya sadakin Innarku, shi ya yanka ragon sunan yawancinku. Fataucin hatsi ya karɓe shi, gidansa na Balan ya cika da mata da 'ya'ya da jikoki da barori, kuma ba a taɓa jin wani a gidan nan ya ciro kuɗi a gaban Yaya ba. Idan aka shiga mota shi zai biya. Idan aka je asibiti shi zai biya. Idan azumi ya zo ƙarshe zai sa a shimfiɗa tabarma a zaure, a zuba gero, ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya yana auna wa kowa zakkar kono, har jaririn da aka haifa jiya. Da labari ya kai masa cewa Uwani ta kafa tebur a kasuwa, sai ga shi a Gaya ransa a ɓace.

"Ina raye 'yata take bara a kasuwa? Nawa ne abin gaba ɗaya, in biya a tashi?"

Uwani ta durƙusa ta yi masa bayani a hankali, cewa idan ya ba da kuɗi mai yawa shi kaɗai za a gode, amma tukunyar ba za ta motsa sosai ba, domin yawan mutane ake dubawa. Ya riƙa jan carbinsa. Can sai na ga fuskarsa ta saki.

"Au, kawuna ake so? To ai sai ki ce kawuna. Tashi, Allah Ya yi miki albarka."

Ya hau motarsa ya tafi, mu kuma muka yi hamdala cewa ya huce. Abin da ba mu sani ba shi ne, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ɗansa Nasiru mai shagon waya, suka zauna a zaure. Ya riƙa kiran suna, Nasiru yana buɗe asusu. Matansa, 'ya'yansa, surukansa, barorin gona, har Ummi jikarsa da ba a yi arba'in da haihuwarta ba. Kowane kai ya zuba masa kuɗi daidai da na ɗan'uwansa daga asusunsa, sannan aka tura wa aikin Uwani da sunan kowa. Ya kuma gargaɗi Nasiru kada ya gaya wa kowa, don kada ladan ya ragu. Ku tsaya nan ku fahimce ni da kyau: a wurin Yaya wannan ba dabara ba ce. Abin da yake yi kowace shekara ne, abin da ubanmu ya yi, kuma wanda duk mutumin kirki a ƙasar nan yake yi wa iyalinsa.

Uwani ta ga mutane sun ƙaru a yini ɗaya ta yi ta murna, ta ɗauka labari ne ya bazu a ƙauyuka. Bayan an rufe tarawa da 'yan kwanaki sai ga ta a rumfata da tsakar rana, ta baro makaranta, idanunta jawur. An dakatar da aikinta. Wani ɗan sa-kai a cikin jama'ar, wanda aikinsa shi ne bin sawun kuɗin, ya baza wani zane a dandalinsu. Ta buɗe kwamfutar ta nuna mini: ɗigo ɗaya babba a tsakiya, layuka sun fita daga jikinsa zuwa ƙananan ɗigo fiye da arba'in, kamar kaza da 'yan tsakinta, sannan duk suka sake haɗuwa a kan sunan aikinta. A wurinsu wannan ita ce babbar cuta, mutum ɗaya ya rarraba kansa ya zama taro don ya kwashi rabon wasu. Allah Ya yafe mini, 'yata tana hawaye amma sai da na tsaya ina kallon zanen nan baki buɗe, ina tambayarta yadda aka yi mutum yana wata ƙasa ya hango abin da aka yi a ɓoye a namu yankin.

"Baba, ɓarauniya fa suke ce mini! Kuma abin da aka rubuta a can ba ya gogewa."

Sai a lokacin na dawo hayyacina. Ba kuɗin kaɗai za ta rasa ba. Za a hana ta shiga har abada, sunanta zai zauna da wannan tabo a inda duk mai neman ta da aiki zai gani, layin kuma zai mutu a tsakiyar kaka. Da yamma Nasiru ya kasa riƙe sirrin, ya kira ta da fara'arsa yana tambaya ko ta ga aikin Alhaji. Nan muka san inda kazar take.

An ba ta dama ta kare kanta a wani zama na fili da za a yi ta kwamfuta, kowa yana iya shiga ya saurara. Ta ce ita bakinta ba zai iya ambaton Baffanta a cikin maganar cuta ba, gara a kore ta. Washegari na hau babur na tafi Balan. Ina so ku riƙe wannan, domin shi ne abin da masu ba ku labari suke tsallakewa: wurinsa na fara zuwa. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa, na zayyana masa komai, na roƙe shi ya zo ya yi musu bayani da bakinsa, ko ya ba ni izini in yi.

"Kuɗin wa na sata?"

"Ba ka saci na kowa ba, Yaya."

"Akwai wanda na ƙirƙira a cikinsu? Ummi ba mutum ba ce?"

"Mutum ce."

"To me zan je in ce wa yaran da ban san iyayensu ba? In ce ku yi haƙuri na ciyar da iyalina? Idan kuɗi ne matsalar, ta bar musu tukunyarsu, ni zan riƙe layin."

"Sunanta fa, Yaya?"

"Sunanta a nan yake, ba a cikin waya ba. Kada ka kai sirrin gidana kasuwa. Na gama magana."

Na dawo gida. Ban taɓa tsallake maganar Yaya ba tun da nake, ko launin fentin ƙofata sai da na tambaye shi. Innarku tana tankaɗe a tsakar gida ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago kai ba.

"Alhaji yana da gida guda cike da masu kare shi. Ita wa take da shi?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar zaman, bayan la'asar, muka ɗora kwamfutar a kan durom a rumfata. Fuskoki suka fito a ƙananan akwatuna, baƙaƙe da farare da jajaye, wasu kuma ba su sa fuskarsu ba sai zanen dabbobi. Na raɗa wa Uwani, wancan birin shi ma yana da ƙuri'a? Ta ce yana da ita, in yi shiru. Wanda ya yi zanen ɗigon nan ya fara magana, kuma ga mamakina ba mugu ba ne. Ya ce akwai wasu ƙananan ayyuka da yawa da ke jiran rabo daga tukunya ɗaya, duk abin da aka ƙara wa wani ta hanyar ƙarya daga bakinsu aka cire. Da aka ba Uwani dama sai ta juyo ta dube ni. Na jawo benci na ce ta fassara mini. Na ce ni ne ubanta, makanike ne. Na ce babban ɗigon nan yayana ne, ƙananan kuma iyalinsa ne, kowannensu yana da rai da suna, kuma yarinyar nan ba ta san an yi ba. Ban faɗi sunansa ba, ban faɗi garinsa ba. Na ba su labarin tabarmar zaure da mudun gero, yadda a wurinmu maigida yake fitar wa kowane kai, kuma abin kunya ne ya bar matarsa ta ciro nata. Da na gama sai tsohon ciwona ya motsa, na ce ni ma ina da tambaya.

"A ƙasashenku, idan uba ya biya wa ɗansa, ɗan ya daina zama mutum ke nan?"

Sai wata mata mai farin gashi ta amsa, Uwani tana juya mini.

"Mutum ne. Amma ba kuɗinsa muke nema ba, zaɓinsa muke nema. Su waɗannan mutanen sun san an bayar da sunansu? Da an ba su kuɗin a hannu, wannan aikin za su zaɓa?"

Wallahi amsar ta shige ni, irin yadda noti yake zama daram idan ya sami mazauninsa. Na ce mata gaskiya wasu sun sani, da yawa ba su sani ba, jaririyar kuwa nono kawai ta sani. Suka fashe da dariya, har birin. Daga nan wani saurayi daga wata ƙasa mai nisa ya ce kakansa ma haka yake, ko shayi ba ya bari wani ya biya, kuma bai taɓa tunanin cewa dabararsu za ta ɗauki irin kakansa a matsayin macuci ba. Sai gardama ta kaure a tsakaninsu. Wasu suka ce doka doka ce, idan aka buɗe wannan ƙofa gobe kowane ɓarawo zai ce yana da yaya. Wasu suka ce akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙirƙiri mutane da wanda ya yi wa mutanen gaske gaban kansa. Na zauna ina sauraron mutanen da ba su san inda Gaya take ba suna ta kai-kawo a kan zauren gidanmu, kuma duk da nauyin da ke ƙirjina, na ji daɗin ganin injin nan a buɗe yana aiki.

Abin da ban lissafa ba shi ne samarin gindin darbejiya. Zaman na fili ne, sun shiga sun saurara, wani ya naɗi muryata ya yanko daidai inda nake cewa yayana ne ya yi, ya bar zancen tabarma da gero. Kafin magariba ta kai Balan. A ƙasar nan kuwa wa bai san yayan makaniken Gaya ba?

Aka jefa ƙuri'a, sakamako ya fito bayan 'yan kwanaki. An wanke Uwani, an rubuta a fili cewa babu hannunta. An mayar da aikinta, da hannuwan duk waɗanda suka zo teburinta da ƙafarsu. Abin da ya fito daga zauren Balan kuwa aka haɗe shi wuri ɗaya a matsayin kyautar mutum ɗaya. Rabon da ta samu bai kai yadda ta yi fata ba, amma ya riƙe layin har kaka ta wuce da ta bayanta, kuma daga baya sun ƙara wani bayani a ƙa'idarsu saboda gidaje irin namu. Don haka kada in ƙara jin wani a cikinku ya ce Baffansa ya yi cuta, bai yi ba. Kada kuma in ji an ce na sayar da shi. An sa ni a tsakanin wanda ya raine ni da wadda na haifa, na duba wanda zai iya ɗaukar nauyin, na ɗora masa. Na san zai yi masa ciwo. Ban san zurfin ciwon ba sai da na je.

Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, abin da ba a saba gani ba. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce na zo in gaya masa an wanke Uwani. Ya ce madalla. Sannan ya tambaye ni.

"Ni kuma nawa suka ƙirga ni?"

"Ɗaya, Yaya."

"Matan fa?"

"Sun ce sai in su suka bayar da kansu."

"Har Ummi suka cire?"

"Har ita."

Ya ajiye carbinsa a kan buzu, abin da ban taɓa ganin ya yi a tsakiyar magana ba.

"Tun ranar da muka binne Baba ban taɓa zama mutum ɗaya ba."

Hawaye suka cika mini ido, tsofai-tsofai da ni. Na matsa kusa da shi na ce, ai ga ni nan, Yaya, ni naka ne, ko duniya ta ƙirga ko ba ta ƙirga ba. Ya dube ni ba tare da fushi ba, kallon da ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa.

"A'a. Kai ai ka riga ka ƙirga kanka."

Ya kira yaro ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Shekaru ke nan, muna gaisawa, yana zuwa sunan jikokina, yana sa wa Uwani albarka duk inda ya gan ta. Ni kuma duk Juma'a ina hawa babur in je Balan in zauna a ƙasa a zaurensa, kuma har yau da kofin baƙi ake kawo mini ruwa.